Shekara Talatin Ana Ce Mini Na'am

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ummi, 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Ingila lafiya, jirgi bai jigata ki ba, sanyin da ake ba mu labarinsa kuma bai yi miki mummunar tarba ba. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki.

Mamanki na ba wa takardar ta cusa miki a akwati, na kuma roƙe ta kada ta faɗa miki sai kin isa. Kin san halin mahaifinki. Da na zaunar da ke in yi magana da baki, kafin minti biyar ta koma wa'azi, ke kuma ki sunkuyar da kai har in gama. Da Hausa na rubuta da gangan, ko da yake na san Larabci ya fi miki saurin karantawa. So nake ki karanta a hankali, kina tuntuɓe, kina komawa baya.

Kin tafi ne ki yi digiri na biyu a fannin koyarwa, kuma binciken da kika zaɓa zai sa ki riƙa zama da wasu matasan Yahudawa da ke haɗuwa a gidaje suna karatun littattafansu bibbiyu. Kin san yadda na karɓi wannan labari da farko, zan zo kansa. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan aikin mamanki ne a waya. Kurakuraina zan lissafa miki, domin su ne dukiyar da na fi tarawa a shekara talatin da na yi ina karantarwa a garin Makka, kuma ban ga dalilin da zai sa ki sake sayen abin da na riga na saya da tsada ba.

Na farko shi ne na'am.

A zauren malamina a Zariya haka muka tashi. Ana karanta jimlar Larabci, malam ya fassara da Hausa, ɗalibi ya ce na'am. Jimla, fassara, na'am. Wanda na'am ɗinsa ya fi fita da zaƙi shi ne ɗalibin kirki. Da na zo Makka na gama karatuna na zauna, sai na buɗe tawa halƙar, wato ɗan zaman karatu, a ɗakin da muke haya a unguwar Misfala. Mu takwas ne har da ni. Akwai masu ɗinki biyu, da mai sayar da turare, da direbobi. Bayan La'asar suke zuwa, mamanki ta miƙo shahi ta bayan labule, alhazai na ta wucewa a ƙasa da ƙafa zuwa Harami, mu kuma muna namu. Ina karantawa ina fassarawa, suna ce mini na'am, ni kuwa kaina na ta ƙara girma.

Littafin fiƙihun da nake karantarwa irin na da ne, warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke ba. Wata rana kina 'yar shekara uku kika same shi kika watsa shi a tsakar ɗaki. Mamanki ta tattara ta jera yadda ta ga dama, ta mayar, ba ta ce mini komai ba don kada in yi miki faɗa. Da yamma muna babin alwala. Na kai ƙarshen shafi inda mutum zai wanke hannayensa zuwa gwiwar hannu, suka ce na'am. Na juya warƙa, bakina na tafiya hankalina na wani wuri, na fassara musu cewa sai ya fitar da tunkiya ɗaya. Suka ce na'am. Na ƙara da cewa idan raƙuman sun kai goma, tumaki biyu. Wallahi Ummi, mutum bakwai, da gemunansu, suka sake cewa na'am. Daga alwala mun faɗa zakkar raƙuma, babu wanda ya ko ɗaga gira.

Sai da na ji raƙuma a bakina na farga. Kin san abin da na yi? Na yi tari, na ce to mu ɗan koma baya, na lalubo shafin da ya dace na ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ranar ya kamata in rufe littafin in tambaye su ɗaya bayan ɗaya me suka fahimta a watannin da suka wuce. Tsoron amsar ne ya hana ni. Na zaɓi in ci gaba da jin daɗin na'am, na kuma ci gaba da jin daɗinsa shekaru masu yawa.

Saboda haka ki yi hattara da wannan kalma, a bakin wasu da kuma a naki. Idan kin fara koyarwa aka gyaɗa miki kai, kada ki ɗauka an gane, ki ce a maimaita miki da kalmomin mai ji. Idan ke ce a gaban malami abu ya shige miki duhu, ki ce ban gane ba, ko da ke kaɗai ce mai lulluɓi a ajin, ko da duk idanu za su juyo kanki. Kunyar minti ɗaya ce. Ladabin da muka koya miki ladabi ne na gaske, kada ki yar da shi, amma ni na cakuɗa shi da shiru har na kasa bambance su.

Kuskure na biyu shi ne son yawa.

Halƙar ta yi suna, mutane suka ƙaru, ɗakin ya yi mana kaɗan. Lokacin da muka koma Ka'akiyya wani bawan Allah ya ba mu aron babban falo a ƙasan gidansa. Aka kawo lasifika. Aka samu mai ɗaukar karatun da waya yana turawa har Nijeriya da Nijar. Takalma a bakin ƙofa har sai an tsallaka. Idan na shigo na ga takalman nan, sai in ji ƙirjina ya buɗe, in ce aikin Allah na ci gaba. Gaskiyar magana, rabin daɗin nawa ne.

Kina tuna Alhaji Tanimu, direban nan mai furfura da ke kawo miki sobiya, abin shan nan mai sanyi, a leda duk azumi? Yana cikin bakwai ɗin farko. A Misfala kusa da gwiwata yake zama, idan ya yi latti sai mu jira shi. A babban falo ya koma can baya wajen ƙofa, saboda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya daina zuwa, ban lura ba. Sati shida yana kwance a ɗakinsa a Kudai, ni ina ta karantar da babin haƙƙin maƙwabci da gaishe da marar lafiya a lasifika. Sai da ɗansa ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Malam, Baba yana ta tambayarka."

Na je. Ya rame ƙwarai. Na fara kame-kame, ina cewa ayyuka ne suka yi yawa. Ya kama hannuna ya ce, "Ma'alish, ba komai Malam, ai mun yi yawa yanzu. Da can ne idan ban zo ba za a ga gurbina." Bai faɗa da zafi ba, da murmushi ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Bayan kwana tara muka yi masa sallah a Harami. Allah ya ji ƙansa, ya yafe mini.

Shi ya sa da kika faɗa mini cewa matasan nan da za ki zauna da su sun gaji da manyan taruka inda mutum zai shiga ya fita ba wanda ya san sunansa, suka koma haɗuwa su shida ko su takwas a falon ɗayansu, ban nuna miki ba amma maganar ta soke ni. Sun gano abin da ni sai da na binne mutum na gano. Duk inda kika samu kanki, Ummi, ki nemi 'yan mutane kaɗan da za su ga gurbinki idan ba ki zo ba, ke ma ki riƙa ganin nasu. Idan Allah ya sa wata rana kin buɗe naki zaman karatun, ranar da kika kasa faɗin sunan wanda bai zo ba, ki raba zaman biyu.

Na uku ya fi nauyi a bakina, shi ne Fa'iz.

Ba na jin kin san shi sosai. Jikan wani tsoho ne da ya zo aikin Hajji da ƙafa tun zamanin da, ya zauna. An haifi mahaifinsa a nan, an haife shi a nan. Larabci ne harshensa, Hausarsa kuwa ta wajen kaka ce, ta kicin da gaisuwa. Saurayi ne mai kaifin kai, yana da kamar shekara ashirin da biyu lokacin. Shi ya jawo abokansa biyar irinsa suka fara zuwa, yara masu son su san addininsu su kuma ji ɗumin mutanensu a lokaci ɗaya.

Wata rana bayan karatu, mutane ba su gama watsewa ba, ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Ya Malam, indi fikra, wato ina da... shawara. Shabab ɗin nan ba su fahimta kullu. Me zai hana kafin ka fara, mu zauna itnen itnen, kowa da sahibinsa, mu karanta, mu yi niƙashi, ba'den mu kawo maka abin da ya gagare mu?"

Nufinsa matasan su zauna bibbiyu, kowa da abokinsa, su yi muhawara a kan karatun kafin su zo wurina. Wasu dattawa suka yi dariyar Hausarsa. Ni kuma, maimakon in tsawatar musu, sai na ji kamar kujerata yake ja. Yaro zai zo ya koya mini yadda ake karatu? Na ce masa, da murya yadda kowa zai ji, "Haka muka gada daga malamanmu, ba mu zo nan don bidi'a ba. Kai kuma ka fara gyara harshen kakanka tukuna kafin ka gyara mana karatu."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Malam." Na tafi gida ina ganin na yi tarbiyya. Bai sake dawowa ba, abokansa ma suka zame ɗaya bayan ɗaya. Daga lokacin halƙata ta fara tsufa. Yau mutum huɗu suka rage mini, ƙaraminsu ya haura sittin.

Ba da daɗewa ba, wato bara kafin Hajji, na haɗu da shi a tashar Kudai. Ya zama babban mutum, yana aiki a ofishin motocin alhazai, har da 'ya'ya uku. Shi ya gan ni, ya taso da gudu ya sumbaci kaina, ya ja ni ofis ya sa aka kawo shahi. Na daure na tambaye shi abin da ya hana shi dawowa. Ya ce, "Wallahi ya Malam, ranar ban yarda da kai ba. Bas ba ni da Hausar da zan ce maka a'a da ladabi. Wadda na iya, idan na faɗa, za ta fito rashin kunya. Sai na ce na'am, halas."

Na tambaye shi ko 'ya'yansa na jin Hausa. Ya ce sannu kawai suka iya.

Ummi, kalmar bidi'a da na jefe shi da ita zalunci ce, kuma na san haka tun a ranar. Yaron bai ce a ƙara raka'a ba, bai ce a canza hukunci ba. Yadda ake zama kawai ya ce a canza. Malaman da nake fakewa da su ma sun yi ta sauya hanyar koyarwa gwargwadon mutanen zamaninsu, ni da kaina na karɓi lasifika da waya ban kira su bidi'a ba, saboda su muryata suke ƙara wa ƙarfi. Abin da zai rage muryata ya ƙara ta wasu shi na ƙi. Idan wani ya zo miki da sabon abu kika ji ranki ya ɓaci, ki tsaya ki tambayi kanki, addininki ya taɓa ko girman kanki? Sau da yawa za ki tarar na biyun ne. Kuma kada ki taɓa yi wa mutum dariya a kan harshen da yake ƙoƙarin riƙewa. Can inda kika tafi ke ce za ki zama mai karyayyen harshe, za ki ɗanɗana.

Yanzu na zo kan naki.

Ranar wata Juma'a muna cin abincin rana kika faɗa mana an ba ki gurbin karatu, na yi murna har na ce a ƙaro mini shinkafa. Sai kika faɗi abin da binciken ya ƙunsa. Ina jin kalmar Yahudawa na ajiye cokali. Ban bari kin kai ƙarshen magana ba. Na ce 'yar da aka haifa a Makka, ta yi rarrafe a harabar Harami, ita ce za ta tsallaka teku ta je ta zauna a falon Yahudawa? Na ce ki rubuta musu ki ce kin fasa, ko su canza miki. Kika dube ni, kika dubi farantinki, kika ce, "Na'am, Baba." Kika tashi kika kwashe kwanuka.

Kwana uku gidan ya yi tsit. Kina gaishe ni, kina kawo mini shahi, komai daidai, ba abin da zan kama in ce kin yi. A rana ta uku mamanki ta same ni ina shirin fita Azahar. Kin san ta, ba ta doguwar magana. Ta ce, "Malam, ka ji na'am ɗin yarinyar nan kuwa? Irin na Fa'iz ne." Ta juya ta koma kicin. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Fa'iz yana da inda zai tafi ya bar ni. Ke ba za ki bar gidan ba, za ki zauna a gabana kullum, kina yi mini biyayya, alhali kin riga kin tafi.

Da na kira ki na ce ki yi mini bayani, kin tuna sai da kika tambaye ni sau biyu, "Baba, in faɗa da gaske?" Wannan tambayar ma hukunci ce a kaina. Sannan kika faɗa mini yadda suke yi. Mutum biyu su sa shafi ɗaya a gaba, ɗaya ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta, ɗayan kuma aikinsa ya ce a'a, ya kawo dalili, su yi ta ja har maganar ta fito fili. Kika ce sunan abin habruta, daga kalmar abota aka samo shi, kuma tsohuwar hanya ce a makarantunsu, matasan ne suka fito da ita suka kai ta falo da wurin shan shayi da waya, har da waɗanda ba su taɓa karatun addini ba. Kika ce matar da ke haɗa zaman, Rahila, ta gaya miki a waya cewa da yawansu ba su iya harshen littattafan ba sai kame-kame, kakanninsu ne suka iya, kuma dokar zaman ita ce ba a yi wa kowa dariya. Ina sauraronki ina ganin fuskar Fa'iz. Abin da yaron nan ya durƙusa ya roƙe ni ke nan, kusan kalma da kalma.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Sati biyu da suka wuce na gwada da tsofaffina huɗu. Na ce yau ba zan fassara ba, ku zauna bibbiyu ku karanta wannan shafi, kowa ya ƙalubalanci ɗan'uwansa. Suka dube ni kamar na zauce. Malam Buhari mai turare ya ce, "To Malam, kai kuma me za ka yi?" Na ce zan sha shahi. Suka sunkuya a kan shafin. Can sai na ji Malam Buhari ya ce wa Alhaji Isa, "Kai, ba haka ba ne!" Kafin a jima murya ta tashi, ana nuna layi da yatsa, har aka kusa kifar da butar shahi. A nan na gano Alhaji Isa ya shekara ashirin yana riƙe da wata tambaya a kan sallar matafiyi, shi da ya tsufa yana tuƙi a kan hanyar Jidda da Madina. Aka kira Magariba ba su so tashi ba. Na yi dariya, na kuma ji kamar in yi kuka.

To ga shawarata a kan zaman da za ki yi da mutanen nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin da muke gani a labarai yana cikin abin da ya tayar mini da hankali, kuma har gobe yana ƙona mini rai. Ban ce ki cire shi daga zuciyarki ba. Amma matar da ta buɗe miki ƙofarta ta ce ki shigo ki ga yadda suke karatu, ki auna ta da halinta, yadda kike so a auna ki da naki ba da abin da wani ya yi da sunan Musulunci ba. Ki shiga da sallamar da ta dace, ki kai musu dabinon da mamanki ta sa miki, rabinsa nasu ne. Idan lokacin sallah ya yi ki nemi wuri ki yi, ba tare da ɓoyewa ba, ba kuma tare da nuna isa ba. Mutanen da suka san darajar nasu addinin ba za su yi mamakin ki riƙe naki ba. Abin da ba ki ci ki faɗa a fili, na ji su ma suna da nasu ƙa'idojin abinci, za su fahimta. Kada ki je da niyyar kayar da kowa, kada kuma ki je kina jin kunyar abin da kike. Abin da ya saɓa wa imaninki ki ce ban yarda ba, cikin natsuwa, tunda ma kin ce a wajensu wannan ba rashin kunya ba ne. Abin da kika ga yana da amfani a hanyar koyarwarsu ki ɗauko mana, muna da 'ya'yan Fa'iz da yawa a garin nan.

Saura guda ɗaya, shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko, na yi ta kewaye-kewaye.

Kina 'yar shekara goma sha ɗaya, bayan mun dawo daga hutun da muka yi a Zariya, kika same ni a falo ina shirya karatun yamma. Kika tsaya a bakin ƙofa da jakar makaranta a bayanki. Kika ce, "Baba, a nan yara suna ce mini Takruniyya, wai baƙuwa daga Afirka. A Zariya kuma 'yan'uwana suna ce mini Balarabiya, suna dariyar maganata. Ni 'yar ina ce?" Ban ko ɗago kai sosai ba. Na ce, "Ke Musulma ce, je ki yi alwala." Kika tafi.

Amsar ba ƙarya ba ce, amma ba don in amsa miki na faɗe ta ba. Na faɗe ta ne don in rufe miki baki, domin tambayar ta taɓa inda ke mini ciwo. Daga ranar ba ki sake kawo mini tambaya irin wannan ba. Kin kawo mini sakamakon jarrabawa, kin kawo mini haddarki na saurara, amma abin da ke cin zuciyarki kin daina kawowa. Sai a 'yan kwanakin nan na fahimci cewa ba ki ajiye tambayar ba. Ita ce kika ɗauka har Ingila. Kin je ki ga yadda wasu mutane da suka daɗe suna zaune a ƙasashen da ake musu kallon baƙi suke riƙe kansu, saboda mahaifinki ya ƙi zama ya yi wannan magana da ke.

To ga amsar da ya kamata ki ji shekara goma sha uku da suka wuce. Ban sani ba, Ummi. Na fi shekara talatin a garin nan, ina son sa fiye da ko'ina a duniya, a nan nake roƙon Allah ya ɗauki raina, amma duk shekara sai na sabunta takardar zama kamar wanda ya zo jiya. Idan na je Zariya kuma, yaran gidanmu ce mini suke Alhajin Makka, su ba ni ɗakin baƙi. Ni ma ban san ɗan ina ne ni ba. Ban taɓa faɗa wa wani ɗalibi ban sani ba, ke ce ta farko, kuma ga shi na faɗa ban mutu ba.

Ina da roƙo. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, wadda ta fi miki sauƙi, ki kira ni mu biyu kawai, ban da gaisuwar da za ki yi da mamanki. Ki zaɓi abin da za mu karanta, ko shafi ɗaya ne, da Hausa ko da Larabci, ko ma daga abin da kike karantawa can ki fassara mini. Ke ki fara faɗin fahimtarki. Idan na fara wa'azi ki katse ni, na ba ki izini a rubuce, ga shi a hannunki. Zan ji zafi da farko, kada ki kula. Ba na so in rayu da 'ya mai gaishe ni duk Juma'a alhali ban san abin da ke ranta ba. Idan kin yarda, mu fara da tambayarki ta bakin ƙofa, tunda mu biyu ne ba mu san amsarta ba.

Idan kuma kin ga na makara, ki faɗa mini haka kai tsaye. Zan ɗauka.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙirji, ya ba ki ilimi mai amfani. Allah ya tsare miki imaninki da mutuncinki da lafiyarki, ya sa ki fi ƙarfin kaɗaici da sanyi. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Zan ambaci sunanki a ɗawafi kamar kullum. Ki yafe wa mahaifinki.

Ina jiran ki faɗa mini ranar.

Wassalamu alaikum,
Babanki
Ka'akiyya, Makka